Zaren Ƙaron Baba

Rumfar Baba tana manne da bangon gidanmu a Tudun Wada, daidai inda layinmu ya karya ya nufi hanyar Gyallesu. Wankin hula yake yi, kuma ban san shi da wata sana'a ba. Da safe yakan fito da gumaguman katako masu siffar kai ya jera su a rana, kowanne sanye da hular wani, idan ka hango su daga nesa sai ka ɗauka dattawa ne suka zauna suna jiran liman. Akwai baho biyu, da burushi, da dutsen guga na gawayi, sai wata tukunyar ƙasa a kusurwa wadda ba ya yarda kowa ya taɓa. A cikinta yake jiƙa ƙaro, ɗankon nan da ke fita a jikin itace, wanda ke sa hula ta tsaya ta yi ƙyalli. Har yau idan na ji warin jiƙaƙƙen ƙaro, mai ɗan tsami-tsami, sai na waiwaya.

Ni ce ta uku a gidan, kuma ni ce mai baki. Inna takan ce tun kafin a gama yi mini tambaya na riga na ba da amsa biyu, duka ba daidai ba. Da na gama digirin farko a fannin sinadarai na koma yin na biyu, malamin da ke duba aikina ya tambaye ni ko akwai wani abu na gida da na sani sosai. Ban ko numfasa ba na ce ƙaro. Gaskiyar magana ban san ƙaro ba. Na dai girma kusa da tukunyarsa ne, sai na ɗauka sani ke nan.

Aikin da ya ba ni shi ne in fitar da zare daga ƙaro. Na'urar tana cikin wani akwatin gilashi, malamin ne ya harhaɗa ta da kansa, yana ji da ita fiye da motarsa. Za ka narkar da ƙaro a ruwa, ka haɗa shi da wani sinadari da ke taimaka masa ya ja, ka zuƙa a sirinji irin na asibiti. Sai a jona wa bakin allurar wutar lantarki mai ƙarfi sosai. A gabanta, tazarar kamar taki ɗaya na hannu, akwai faranti lulluɓe da takardar alminiyam, irin wadda ake naɗe gasasshen kifi. Ƙarfin wutar ne ke fizgo ɗigon da ke bakin allura, ya ja shi ya zama silin zare, ruwan ya bushe a kan hanya, zaren ya sauka a kan farantin. Siririn zare ne wanda sai ka haɗa ɗaruruwansa kafin su kai kaurin gashi guda. Idan suka taru bisa juna sai su zama wani farin ƙyalle mai laushi. Iska na ratsa shi amma ƙwayar cuta ba ta iyawa, shi ya sa ake son sa don rufe ciwo, har ana iya sa magani a cikin zaren ya riƙa fita kaɗan-kaɗan. Wasu a ɗakin gwajin suna gwada sitacin rogo, wasu ɓawon jatan lande, suna neman abin tace ruwa ko na naɗe abinci. Nawa na ciwo ne.

Duk wannan na zayyana wa Baba wata ranar Asabar yana goge wata kube. Ya saurara har ƙarshe, abin da ba kowa ke iya yi da ni ba. Inna daga zaure ta ce ai kaɗi ne wannan, kakarmu ma ta yi shi da mazari ba tare da ta nemi wuta ba. Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye burushin ya tambaye ni ko da gaske ƙaro irin nasa ne. Na ce irinsa. Ya ce shekarunsa nawa da ƙaro, ya gan shi ya yi danƙo, ya gan shi ya yi tsami, ya gan shi ya daskare, amma bai taɓa ganin ya zama tufa ba.

"Ranar da kika yi, ki kawo mini in gani da idona," ya ce.

Na ce masa wata biyu ya yi yawa.

A cikin watannin nan biyu ne aka gano ciwon idonsa. Ya daɗe yana buge baho da ƙafa yana ɗora wa baho laifi. Da yayana ya matsa aka kai shi asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya yi nisa. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma tafiya yake, maganin ɗigawa zai rage masa sauri ne kawai. Gefe-gefe ne ya fara rufewa, tsakiya na nan. Baba ya karɓi zancen kamar an ce masa gawayi ya yi tsada. Ni ce hankalina ya tashi. Daga ranar digirin ya koma gefe a raina, abin da nake so kawai in riga makantar, in sa masa ƙyallen nan a gaba yana da sauran gani.

Sai ga damina ta kankama, aikin kuma ya ƙi. Kullum da sassafe in hau keke mai ƙafa uku zuwa unguwar Kongo, in kama bas zuwa makaranta, in wuni gaban akwatin gilashi. Wata rana allurar ta yi ta tofo ɗigo-ɗigo, takardar ta fito kamar an yi mata atishawa. Wata rana zaren ya fita amma ya sauka a jiƙe, ya narke cikin ɗan'uwansa ya zama wani ruwa-ruwa mai sheƙi. Ranar da abin ya so ya yi kuma, sai a ɗauke wuta. Na canza ƙarfin wuta, na matso da faranti, na matsar da shi, na sauya allura. Na zagi na'urar a zuciyata, na zagi wanda ya fara gano ƙaro. Da yamma in dawo gida kaina na ciwo, kafin in cire takalmi Baba ya ce, "Ina zaren?" Ba da gatse yake tambaya ba, shi ya fi ba ni haushi.

Mai gatsen shi ne Alhaji, abokinsa tun ƙuruciya, mai shagon yadi a bakin titi, wanda bayan la'asar yake zuwa ya zauna a bencin rumfar. Shi ya raɗa mini suna Masaƙiya. Idan ya gan ni sai ya ce a yanko masa yadi biyar na wanda ba a gani, zai ɗinka babbar riga ya je ɗaurin aure. Wani lokaci ya ce shi ma yana da buhu goma na irin wannan zaren a shago, ban dai lura ba ne. Ni kuwa ba na barin ta kwana, nakan ce ya fara biyan na jiya tukuna, ai yana sanye da shi. Baba sai ya ce mini in ji kunya, Alhaji ubana ne. Amma idan na shige gida ina jiyo shi yana gaya wa Alhajin cewa yarinyar nan ba ta ƙarya, idan ta ce akwai, to akwai. Wannan maganar ta fi gatsen Alhaji nauyi a kaina.

Ƙaron da nake aiki da shi daga kasuwa nake saya. In zuba shi gaba ɗaya a injin niƙa, da baƙi da ja da fari, da ɓawon itace da komai, in zuba ruwan zafi don ya narke da wuri, in tace sau ɗaya. Wata rana na dawo da ragowar haɗin a ƙaramar kwalba cikin jakata, na manta ban ajiye ba. Baba ya ce in ba shi. Ya ɗiga kaɗan a babban yatsansa, ya danne da manuniya, ya buɗe su a hankali kusa da idonsa na dama, wanda ya fi gani. Ya sake yi. Ya sansana.

"Wa ya jiƙa wannan?"

Na ce ni.

"Kin dafa shi," ya ce. "Kuma ba ki tsince ba. Ko hular maƙiyina ba zan sa wa wannan ba."

Na ce masa muna da na'urar auna kauri, ba da yatsa muke aiki ba. Da wata murya na faɗa, wadda har yau idan na tuna sai in ji kunya. Ya bayyana mini cewa ƙaro ba a gaggawa da shi. A baza shi a faifai a tsince fararen ƙwayoyi masu haske, a bar jajayen da masu datti. A jiƙa da ruwan sanyi a bar shi ya kwana ya narke don kansa, a tace da tsumma sau uku, a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama. Idan ya yi, za ka buɗe yatsunka ya biyo su ya ja kafin ya tsinke. Sannan ya faɗi abin da ban so ji ba. Ya ce ko na yi duk wannan, yanzu ba lokacinsa ba ne. Da damina iska kanta jiƙe take, hular da zai shanya da hantsi ta bushe da rani, da damina sai ta wuni tana danƙo. Ya ce in jira ruwa ya ɗauke.

Na ce ba zan jira ba. Ya tambayi dalili, tunda makaranta ba kora ta za ta yi ba. Na shige ɗaki na bar shi da kwalbar a hannu.

Sati biyu na ƙara ina taurin kai, sannan na kai wa malamina ƙarar na'urarsa. Ya saurare ni, ya ɗauko wani ɗan agogo mai auna danshin iska ya sa a cikin akwatin, ya nuna mini awon da biro. Ya ce da wannan danshin ruwan ba zai bushe tsakanin allura da faranti ba, ko wa ke riƙe da na'urar. Na ba shi labarin abin da Baba ya ce. Sai ya tambaye ni me ya sa nake hawa mota biyu in zo wurinsa alhali na baro malami a ƙofar gida. Mun gwada zuba abin tsotse danshi a akwatin, muka liƙe kafofinsa, abin ya ɗan yi sauƙi amma bai kai ba. Ba mu da na'urar busar da iska a lokacin.

Don haka na sauko. Na daina sayen ƙaro, na koma roƙon na tukunyar Baba. Shi yake tsince mini, kuma a lokacin ne na gane yadda idon ke gudu. Da farko yana ɗaga ƙwaya ga rana ya ce wannan fara ce. Bayan 'yan makonni sai na ga yana kawo ta dab da fuskarsa yana juya kai yana neman ta. Daga baya ya daina ɗagawa, sai ya murza ta a yatsu, ya ce mai santsi ita ce mai kyau, mai kaushi tana da ɓawo. Bai taɓa kuskure ba. Ina zaune a gefensa a kan tabarma ina duban sama, ina jin haushin kowane hadari da ya taso daga gabas. Manoma na addu'ar ruwa ya ƙara kwana, ni ina addu'ar ya tafi, Allah ya yafe mini. Duk da fargabar, waɗannan yammacin su ne na fi kewa a rayuwata. Ƙarar acaɓa a titi, Inna na daka a ciki, Alhaji na zuba surutu, Baba na tura mini ƙwayoyin ƙaro ɗaya-ɗaya a gefen faifai.

Ruwa ya ɗauke dab da fara yankan dawa. Wata ranar Alhamis na shiga ɗakin gwaji da haɗin da Baba ya gwada da yatsansa ya ce ya yi. Na kunna wuta. Ɗigon bakin allura ya yi tsini, ya tsaya cak bai tofa ba. Zaren ba ya ganuwa, sai ka haska tocila ta gefe ka ga wani abu na rawa kamar hayaƙi. Bayan rabin sa'a tsakiyar takardar ta fara yin hazo-hazo. Ban motsa daga kujerar ba har azahar, ko ruwa ban sha ba, ina tsoron in tashi a ɗauke wuta. Da na kashe na'urar akwai farin ƙyalle kamar faɗin tafin hannu, busasshe, mai laushi. Malamin ya yanki gefe ɗaya ya sa a madubin ƙara girma, ya kira ni. Ga su nan, silalla masu tsabta sun haye juna, babu ɗigo ko ɗaya. Ya ce a rufe sauran a adana don sauran gwaje-gwaje. Na ce ya ara mini shi zuwa gobe. Ya san dalili, bai hana ni ba, ya dai ce kada ruwa ya taɓa shi, don ba mu riga mun yi masa aikin da zai hana shi narkewa ba.

Na sa takardar a kwali, na rungume ta a bas, na rungume ta a keke. Na manta ranar Alhamis ce, ranar da kowa ke son hularsa don Juma'a. Na tarar da rumfar cike da huluna, Baba a duƙe kan baho hannunsa cikin ruwa har gwiwar hannu, Alhaji a benci. Ban ko gaishe su da kyau ba, na durƙusa na buɗe kwalin na ce ga shi.

Baba ya ɗago. Na juya takardar yadda hasken yamma zai faɗa mata. Ya buɗe idon dama sosai, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Ya ce masha Allah, ya yi kyau, fari tas. Amma kafaɗata yake kallo. Kwalin yana ƙasa da inda idonsa ya tsaya da kusan taki guda. Na ɗaga shi zuwa wurin, ya sake cewa masha Allah, idon bai kama komai ba. Alhaji, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya sunkuyar da kai yana gyara takalminsa. Nan na san na makara, damina ta cinye abin da ya rage.

Sai Baba ya yi abin da ya saba yi da kowane ƙyalle tun kafin a haife ni. Ya zaro hannu daga baho, ya laluba ya sami gefen kwalin, ya ɗora babban yatsansa a tsakiyar farin. Na buɗe baki amma ya riga ya taɓa. Ƙyallen ya narke a ƙarƙashin yatsan nan take, alminiyam ya bayyana.

"Baba, ka ɓata shi," na ce. Da ƙarfi na faɗa, a gaban Alhaji.

Ya janye hannun da sauri, fuskarsa ta canza. Ban taɓa ganin Baba ya ji tsorona ba sai ran nan, kuma da zan iya mayar da kalma ɗaya cikin duk waɗanda bakina ya zubar a duniya, ita zan mayar. Ya riƙe yatsan a sama bai san inda zai kai shi ba. Can sai ya haɗa shi da manuniya, don hannunsa ya saba. Ya danna, ya buɗe a hankali. Abin ya biyo yatsun ya ja. Ya sake dannawa ya buɗe. Ya kai hanci. Sai na ga bakinsa ya fara motsi.

"Kafin ya narke na ji shi," ya ce. "Kamar furen auduga. Kuma wannan ƙarona ne, ni na tsince shi."

Ya juya wajen benci, ya miƙa yatsan inda yake zaton Alhaji yake. Ya ce, "Alhaji, ka ce babu. To ga shi a hannuna."

Alhaji ya tashi ya kama hannun ya duba da gaske, ya ce lalle akwai, ya janye maganarsa, amma har yanzu yana jiran yadinsa biyar. Baba ya yi dariya har da tari. Ni kuka nake yi, ba na ma ɓoyewa. Ya tambaye ni ko asarar babba ce. Na ce a'a, gobe zan yi wani. Ya ce to in kawo kwalba, akwai wanda ya kwana a tukunya. Bai wanke yatsan ba sai da aka kira magariba ya tashi alwala.

Washegari na gaya wa malamina gaskiya. Ya daɗe yana duban takardar, ya ce in yi wani, wannan kuma in riƙe. Na yi wasu da yawa a ranin nan. Na koyi yadda ake ɗaure zaren ya daina narkewa, na gama digirin, yanzu ni ma ina da ɗalibai, kuma muna kan aikin abin rufe ciwon, ba mu kai ga marasa lafiya ba tukuna. Baba ya ƙara shekara huɗu yana wankin hula da hannu da ƙwaƙwalwa, yana gane hular kowa da ɗinkinta, sannan Allah ya karɓi abinsa. Rumfar yanzu wani ne ke cajin waya a ciki. Tukunyar tana ɗakin Inna, ta kife ta a ƙarƙashin gado.

Takardar tana nan a ofishina cikin kwalbar gilashi mai murfi, da abin tsotse danshi a ƙasanta. Farin ya ɗan yi ja da shekaru. A tsakiya akwai ramin, kuma da ƙaron ya bushe sai ya riƙe zanen yatsan, layi-layi, har da tabon da dutsen guga ya taɓa yi masa. Duk shekara sai an sami sabuwar ɗaliba mai baki irin nawa ta tambaye ni me ya sa nake ajiye samfurin da ya lalace. Nakan ce mata ta kawo haɗinta tukuna. In ɗiga a babban yatsana, in danne, in buɗe a hankali, yawanci in ce ta koma ta tsince ƙaronta.